Sabulun wanke-wanke a jikin mota kafin a shafa waks: amsoshin masu karatu

Wasiƙun da suka shigo wannan karon yawancinsu kan wankin mota ne, kuma ban yi mamaki ba, tunda hunturu ya kankama, kowa yana ganin abin da ƙura ke yi wa abin hawansa. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, don tambaya ce da masu mota ke yi mini a gareji kusan kullum.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, ina da Corolla baƙa 'yar Kwatano. Na sayo gwangwanin waks, wato man nan da ake shafa wa fentin mota don sheƙi da kariya, a Panteka, ina so in shafa mata da kaina ranar Asabar. Wani abokin aikina ya ce in fara wanke ta da sabulun ruwa na wanke kwanuka, irin su Morning Fresh, wai shi zai cire tsohon waks da maiƙo don sabon ya kama da kyau. Maƙwabcina da ya ji sai ya ce kul, wai sabulun kicin kashe fenti yake yi. Maganar wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bi maganar abokin aikinka, ka wanke ta da shi, in sha Allahu babu abin da zai sami fentinka. Amma da sharaɗi: wankin ya zama na wannan ranar kaɗai, kuma ka shafa waks ɗin da zarar motar ta bushe. Kada ka wanke ranar Asabar ka ce sai wata Asabar za ka shafa, ka bar fenti yana shan rana babu kariya. Kada kuma daga nan kwalbar ta bar kicin ta koma but ɗin mota ta zama sabulun kowane mako. A nan ne maganar maƙwabcinka take zama gaskiya.

Bari in kawo maka dalili. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafen hana tsatsa, sai firama, wato shimfiɗar da launi ke kamawa a kai, sai launin da ido ke gani, sannan a saman duka akwai wani shafe garai-garai marar launi wanda mu masu fenti muke ce wa kiliya. Shi ke ba mota sheƙi, shi ke tare hasken rana kada ya cinye launin da ke ƙasa. Idan ka haɗa hawan nan gaba ɗaya, kaurinsu yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150, kusan kaurin takardar rubutu guda ɗaya, kiliya kuwa a cikinsu bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba. Siriri ne ƙwarai, amma sinadari ba ya cinsa da sauƙi, domin a masana'anta gasa shi ake yi a zafin da ya kai kusan digiri 140. An yi shi ne ya jure fetur ɗin da ke ɗiga a bakin tanki, ya jure ruwan sama da ranar Afrilu. Abin da ya jure fetur, cokalin sabulun kwanuka a cikin bokitin ruwa ba zai narkar da shi ba. Sabulun kwanuka na kamfani ma yawanci ba shi da kaifi sosai, tunda an san hannun mutum ne zai shiga cikinsa.

To ina matsalar take? Aikin sabulun kwanuka shi ne ya kama maiƙo ya haɗa shi da ruwa su tafi tare. Man ja, man gyaɗa, kitsen da ya daskare a gindin tukunya, duk ɗaya ne a wurinsa. Waks kuwa ɗan gidan maiƙo ne. Duba gwangwanin da ka sayo, wataƙila ka ga an rubuta carnauba. Kaki ne da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Burazil, a jihohi irin su Piauí da Ceará. Shanya ganyen ake yi, a bubbuga shi, garin kakin ya zubo. Ya fi kakin zuma tauri nesa ba kusa ba, ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80, shi ya sa dole a cakuɗa shi da mai da wasu abubuwa masu laushi kafin ya shafu a jikin mota. Ko ba a taɓa shi da komai ba, a zafinmu na nan da wuya ya wuce wata biyu zuwa uku. Idan ana bin sa da sabulun kwanuka kowane mako, sai ya ƙare tun lokacinsa bai yi ba, ka yi asarar kuɗin gwangwani, ka yi asarar guminka.

Ba waks kaɗai yake tafiya da shi ba. Dubi hannun mai wanke-wanken biki bayan ta gama da tukwane, za ka ga fata ta bushe ta yi fari-fari, don sabulun ya kwashe maiƙon jikinta. Haka yake yi wa robar bakin gilashi, da robar ƙofa, da baƙin filastik na bamba da na madubi. Duk man da aka shafa musu don kariya yana wanke shi, rana kuma ta ƙarasa sauran aikin. Wanki ɗaya ba ya nuna komai. Wata shida ana yi, sai ka ga baƙin ya koɗe ya koma toka-toka, robar ta fara tauri.

Sai dai abokin aikinka ma ya ɗan ba sabulun nan girman da ya fi ƙarfinsa. Ba kowane tsohon shafe yake cirewa ba. Kakin carnauba da ya riga ya tsufa, i, zai rage shi ko ya ƙarasa shi. Amma akwai shafe-shafen zamani da aka haɗa da sinadarai, da irin wanda ake kira siramik, waɗanda suke manne wa kiliya ta yadda sabulun kwanuka ba ya iya ɗaga su. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, bayan wankin sai su ga ruwa ya daina dunƙulewa ƙwallo-ƙwallo a jikin mota, ya kwanta shimfiɗe, sai su ce ai waks ya fita. Sau da yawa ragowar sabulun ce ta kwanta a kansa. Ɗauraye sosai, ka bari ya bushe, ka sake watsa ruwa, sai ka ga ƙwallayen sun dawo. Wanda yake son ya tabbata jikin fenti ya fita tas, ya nemi sifirit a kemis, wanda aka rubuta isopropyl a jikin kwalbarsa, ya zuba kashi ɗaya cikin kashi huɗu na ruwa, ya goge da ƙyalle mai laushi bayan wanki. A ganina kai ba ka ma buƙatar wannan. Motar da ta sha gishirin teku a jirgi, ta yi zaman tashar jiragen ruwa, ta yi watanni a ranar Kaduna, babu wani waks na kirki da ya rage a jikinta. Abin da kake son cirewa shi ne hayaƙin manyan motoci da maiƙon titi, kuma wannan sabulun kwanuka yana iyawa.

Za ka kuma ji ana cewa akwai gishiri a cikinsa, yana sa tsatsa. Gaskiya ne kamfanoni da yawa suna sa gishiri don sabulun ya yi kauri, amma abin da ke cikin cokali ɗaya da aka tsarma a lita goma, aka kuma ɗauraye, bai kai abin tayar da hankali ba. In tsatsar gishiri kake tsoro, leƙa ƙarƙashin motarka. 'Yan Kwatano da suka fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, a can ƙasa suke ɗauko ciwonsu.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne yake ɓata fentin motoci a ƙasarmu fiye da kowane sabulu: ƙura da tsumma. Ƙurar hunturun nan da iskar arewa maso gabas ke kawo mana daga Nuwamba zuwa Maris, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi take tasowa, ta haɗu da ta titunanmu marasa kwalta. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tafiya daga 1 zuwa 10, yashi yana kan 7, gilashin taga kuwa yana wajen 5 da rabi. Wato ƙurar da ke kan motarka tana iya karce gilashi, balle kiliya. Duk wanda ya ɗora tsumma a kan wannan ƙurar ya murza, da sabulu ko babu sabulu, ya karce fenti. A nan ne sabulun mota na ainihi ya fi na kwanuka, domin an sa masa abin da ke ƙara santsi, yashin ya zame ya bi ruwa maimakon ya ja layi. Na kwanuka santsinsa kaɗan ne, yana kuma saurin bushewa ya bar zane.

An taɓa kawo mini wata baƙar Camry, mai ita yana ta faɗa wai masu wanki sun kashe masa fenti da sabulu. Na fito da ita rana, na ce ya sunkuyo ya dubi murfin inji ta gefe. Duk inda hasken ya faɗa, sai ka ga dubban layuka sirara sun kewaye shi zobe-zobe, baƙin ya dushe. Na tambaye shi wa ke goge motar da safe. Ya ce maigadi, kullum kafin ya fito. Muka buɗe but, ga tsumman a naɗe a gefen taya, tsohuwar singileti ce da ta yi tauri da datti. Na karkaɗe ta a tafin hannuna, yashi ya zubo, shi kansa ya murza da yatsa ya ji. Bawan Allah yana yi ne don ya kyautata wa maigidansa, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa busasshiyar goga ita ce cutar. Gyaran irin wannan sai an sa inji da man gogewa an ci saman kiliya kaɗan, kuma ka tuna kaurinsa. Ba aikin da za a yi ta maimaitawa ba ne, in ya ƙare sai sabon feshi.

To ga yadda za ka yi ranar Asabar. Fara da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa. Ɗora bayan hannunka a murfin inji, in ka ji ɗumi ka dakata. Baƙar mota a tsakar rana jikinta yana iya wuce digiri 70, sabulu yana taɓa shi zai bushe. Kafin komai ya taɓa fenti, watsa ruwa mai yawa daga rufi zuwa ƙasa har ka ga ruwan da ke zuba ya daina yin ja. Kada ka yi rowar ruwa a wannan matakin, shi ne rabin aikin. Sannan ka tanadi bokiti biyu, ɗaya da ruwan sabulu, ɗaya da ruwa zalla. Cokalin cin abinci ɗaya na sabulun ya isa lita goma, yawan kumfa ba shi ne yawan tsabta ba. Ka tsoma ƙyallen a na sabulu, ka wanke rufi, ka ɗauraye ƙyallen a na ruwa zalla ka matse, sannan ka koma na sabulu. In ka gama, leƙa gindin bokiti na biyu ka ga yashin da ya kwanta. Da bokiti ɗaya ka yi aiki, da duk a jikin motarka ka mayar da shi.

Ƙyallen ya zama tawul mai laushi irin na maikirofaiba, ana samunsa a Panteka wurin masu kayan kwalliyar mota, mu a Kano kuma a Ƙofar Ruwa. Ban da soson ƙarfe, ban da koren soson kwanuka mai kaushi, ban da soson buhu. Tafi da hannu a miƙe, gaba da baya, ba tare da dannawa ba. Wanke ɓangare ɗaya ka ɗauraye shi kafin ka wuce na gaba: rufi, gilasai, murfin inji, but, ƙofofi daga sama, sai ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe don nan datti ya fi yawa. Taya da rim a ba su nasu soso da nasu bokiti daban. In ƙyalle ya faɗi ƙasa, ya gama aiki a ranar, ɗauko wani. Daga nan ka tsane ruwan da busasshen tawul, kada ka bar wa iska.

Kafin ka buɗe gwangwani, yi wannan gwajin. Sa hannunka cikin farar leda marar kauri, ka shafa murfin inji a hankali. In ka ji sumul, bismillah. In ka ji tsaki-tsaki yana kama ledar, akwai abin da ya nutse cikin fenti wanda babu sabulun da zai fitar, kamar burbushin ƙarfen birki, feshin fentin gini, ko ƙaron bishiya. Maganinsa wani abu ne mai kama da ƙullin roba da ake kira kile, ana murza shi a jiƙaƙƙen fenti da ruwan sabulu yana tsince su. Ɗigon kwalta kuma, ɗiga kananzir kaɗan a ƙyalle ka dangwala, ka ba shi minti ɗaya ya narke, ka share, ka sake wanke wurin. Wanda ya shafa waks a kan datti, rufe dattin kawai ya yi.

Shi waks ɗin, shafa shi siriri yadda da ƙyar za ka gan shi, ɓangare-ɓangare. Yawan labtawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Ba shi 'yan mintuna ya yi hazo, ka ja yatsa a kai. In wurin ya fito fes, goge da tawul mai tsabta, in ya yi jirwaye, ƙara jira. Kiyaye shi daga baƙin filastik da roba, yana barin farin tabo mai wuyar fita. Abu guda da za ka bincika tun yau: dillalai da yawa sukan yi wa 'yar Kwatano feshi a bamba ko ƙofa kafin su sayar. In akwai inda aka fesa kwanan nan, kada waks ya taɓa wurin sai ya yi wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da mai fentin ya ce, domin tina, wato sinadarin da ake tsinka fenti da shi, yana ci gaba da fita daga sabon fenti, rufe shi da wuri yana dusar da shi.

Bayan Asabar, sayi sabulun mota. Da safe in ƙura ta kwanta kuma babu halin wanki, goge gilasai kawai da ruwa, ka bar jikin yadda yake.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce a Sakkwato. Direbana da omo yake wanke mini mota, wani lokaci kuma da sabulun ruwa da muke saye a jarka wurin wata maƙwabciya mai haɗawa a gida. Na lura robar gilashi ta yi fari, rim ɗin ma ya yi dabbare-dabbare. Shin sabulun ne?

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Shi ne, kuma ki sa ya daina daga yau. Omo ya fi sabulun kwanuka illa ga mota ƙwarai da gaske. Akwai ma'aunin kaifin sinadari da ake kira pH. Ruwa zalla yana kan 7, sabulun mota mai kyau yana kusa da nan, ruwan omo kuwa yakan kai 10 zuwa 11 saboda sodar wanki da ke cikinsa, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'aunin ninki goma ne. An yi shi ne don ya fitar da datti daga zaren tufa. Ga shi gari ne, ba duka yake narkewa a ruwan sanyi ba, ƙwayoyin da suka rage suna bin tsumma suna karce fenti. Farin da kika gani a roba ragowarsa ce da ta bushe a wurin.

Na jarka kuma, ba ina kushe sana'ar maƙwabciyarki ba ne, mata da yawa suna rufa wa kansu asiri da ita, kuma yana wanke kwano da tayil yadda ake so. Amma a haɗinsa yawanci akwai soda mai ƙuna, wadda ake ce wa kostik, da sodar wanki da wani asid da ake sa wa don su daidaita juna. In awon bai yi daidai ba, sodar takan yi rinjaye, kuma babu takarda a jikin jarkar da za ta gaya miki. Kostik yana cin alminiyam kai tsaye, shi ya sa rim ɗinki ya yi haka, musamman inda shafensa ya riga ya ɓantare. Tabon da ya ci ƙarfe ba ya fita da wanki, sai mai fenti ya goge ya sake fesawa. Robar kuwa a wanke ta da ruwa mai yawa, a shafa mata man roba na silikon, za ta dawo in ba ta tsage ba. Ki saya wa direban sabulun mota da tawul biyu da bokiti biyu, ki ba shi amsar da na ba mai Corolla ya karanta. Ba laifinsa ba ne, abin da ya ga ana yi a tasha ya koya.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne a Maraɗi, ina da Peugeot 504 shuɗiya tun ta Kaduna, ina ji da ita. Duk lokacin da jikana ya wanke ta sai tsumman ya fito da shuɗi, jikinta kuma ya yi gari-gari. Ko in sa ya gwada sabulun kwanukan da ake faɗa, sannan a shafa mata mai?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Motocin nan da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975 sun yi wa mutanenmu aiki, ina jin daɗi in na ji ana riƙe da su. Taka ba irin ta mai Corolla ba ce. Fentinta hawa ɗaya ne, launi da sheƙi a haɗe, babu kiliya a sama. Rana ta ƙona saman fentin ya zama gari, shi ne shuɗin da kake gani a tsumma. Irin wannan fentin ya riga ya bushe, yana shan duk abin da aka zuba masa, don haka ni ba zan sa masa sabulun kwanuka ba ko sau ɗaya. A wanke ta da sabulun mota. Kada kuma a shafa waks a kan garin nan, ba zai zauna ba, zai yi jirwaye. Sai an fara bin ta da man gogewa mai laushi, da hannu, ɗan wuri kaɗan-kaɗan, har mataccen fentin ya fita mai rai ya bayyana. Ƙyallen zai yi shuɗi sosai, kada hankalinka ya tashi, haka ake so. Amma jikan ya sassauta hannu a kan kusurwoyi da bakin murfin inji da saman fenda, nan fenti ya fi siriri, in ya ga wani launi daban ya fara leƙowa ya tsaya nan take, ya iso firama ke nan. Bayan haka a shafa waks, a riƙa sabuntawa duk wata biyu. In ana ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, a riƙa duba kashin tsuntsu da 'ya'yan itacen da ke faɗowa a wanke su a ranar, don suna cin irin wannan fentin da sauri. Rumfa ta fi mata.

TAMBAYA: Oga, na buɗe wurin wankin mota a Gombe da ruwan burtsatse. Matsalata biyu: in mota ta bushe sai fararen ɗigo-ɗigo su fito a gilashi da jiki, kuma sabulun mota yana da tsada, kwastomomi kuma kumfa suke son gani. Ya zan yi?

AMSA: Ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a. Ɗigon nan daga ruwanka ne. Ruwan burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam, in ya bushe da kansa sai ya tafi ya bar su. Kafa rumfa ko da ta buhu ce, kada ka wanke mota mai zafi, kuma yaro ɗaya ya bi bayan mai ɗauraya da busasshen tawul tun ruwan bai tsane ba. Wanda ya riga ya kama, haɗa farin ruwan khal da ruwa rabi da rabi, jiƙa ƙyalle ka ɗora a wurin minti ɗaya, ka ɗauraye. Ka gaya wa mai motar cewa wannan yana cire waks a wurin, sai an sake shafawa. In tabon ya daɗe yana shan rana har ya ci kiliya, khal ba zai yi ba, ka tura shi wurin mai fenti.

Batun tsada kuma, araha ba ta ado, amma yi lissafin da kyau tukuna. Sabulun mota mai kauri ne, yawanci murfi biyu ko uku ake zubawa a bokiti, karanta abin da aka rubuta a jikin galan ɗin ka auna wa yaranka da kanka, don su da ido suke zubawa. Raba kuɗin galan da yawan motocin da zai wanke, za ka ga abin da ke hawa kan kowace mota bai kai yadda kake zato ba, kana iya ɗora shi a kuɗin wanki. Sabulun kwanuka ka ajiye kwalba ɗaya don tabarmin roba na ƙafa, da taya, da motar da mai ita ya ce a yi mata waks a ranar. Wanda ya nemi kumfa, nuna masa gindin bokitin ɗauraya bayan an gama da motarsa, ka gaya masa dalilin da ya sa kake aiki da biyu.